CACA DA HAƘƘIN JAMA'A NA GANIN TAKARDUN HUKUMA

Jawabin da aka gabatar a wani taron wayar da kan jama'a a Jalingo, Jihar Taraba

 

An ɗora mini nauyin in yi muku bayani a kan wani haƙƙi da dokar ƙasa ta ba kowane ɗayanku, ko da yake da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin labarinsa ba, balle su yi amfani da shi. Haƙƙin kuwa shi ne na neman ganin takardun da ke ajiye a ofisoshin gwamnati. Zan tsaya ne a kan fanni guda, watau takardun da hukumomin da ke kula da caca suke tarawa, musamman na binciken da aka yi game da illar da caca take yi wa jama'a.

Abin da ido ke gani

Duk wanda ya bi titin Hammaruwa da yamma, ko ya ratsa Mayo Gwoi da Magami da Sabon Gari ran da ake buga ƙwallon Turai, ya ga shagunan cacar ƙwallo da samarin da ke tsaye a ƙofarsu riƙe da 'yan takardu. Waɗanda ido ke gani ke nan. Akwai kuma waɗanda ba su zuwa shago, domin cacar ta shiga cikin wayar hannu, yaro yana kwance a ɗakinsa tsakar dare yana zuba kuɗi alhali iyayensa suna zaton barci yake yi.

Mu yi ɗan lissafi. A ce mai tuƙa keke yana zuba naira 500 kullum. A wata ya zuba naira 15,000, a shekara kuwa naira 182,500. Wannan ya zarce albashin wata biyu da rabi na ƙaramin ma'aikaci, bisa ga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Kuɗin makarantar yara ne, da na takin gona, da na magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca a cikin jerin cututtukan da likita ke dubawa, kuma a ƙarshen 2024 ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da ita. To, mu a nan fa? Mutum nawa ne a Jalingo, ko Wukari, ko Takum, ko Gembu? Yara nawa ne da ba su kai shekara 18 ba suke shiga shagunan nan? Nawa ke fita daga aljihun jama'ar jihar nan a wata? Kowa a zauren nan yana da labarin ɗan wani da ya sayar da babur ko ya cinye jarin uwarsa. Amma majalisa ba ta tsara doka a kan labarin zaure, asibiti kuma ba ya tanadin likitoci a kan jita-jita. Ana bukatar ƙididdiga, ƙididdigar kuwa inda ya kamata a same ta shi ne ofishin da ke ba da lasin.

Wane ne ke kula da caca yanzu?

Wajibi ne mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. A shekarar 2005 Majalisar Tarayya ta yi dokar cacar ƙuri'a ta ƙasa, ta kafa hukumar tarayya mai ba da lasin da sa ido a kan kamfanoni, ta kuma kafa asusun da ake zuba wani kaso na kuɗin domin ayyukan jama'a. A 2008 Jihar Legas ta kai ƙara, wasu jihohi suka mara mata baya, suna cewa tsarin mulki bai ba Gwamnatin Tarayya wannan iko ba. Shari'ar ta daɗe ƙwarai. Ran 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa sha'anin caca na majalisun jihohi ne, dokar 2005 kuwa ba ta aiki sai a Birnin Tarayya, Abuja.

Ma'anar wannan a gare mu ita ce, nauyin ya dawo gida. Majalisar Dokokin Jihar Taraba da gwamnatin jiha su ne ke da ikon su yarda da caca, ko su taƙaita ta, ko su hana ta. Kowace jiha da hanyar da ta bi. A Kano 'yan Hisba sun rufe shagunan caca a 2024, a Legas kuwa akwai hukumar jiha mai ba da lasin da karɓar haraji. Ko wace hanya jama'ar Taraba suka zaɓa, gara su zaɓe ta da idonsu a buɗe.

Har wa yau, takardun da hukumar tarayya ta tara daga 2005 zuwa 2024 ba su zama kayan wani mutum ba. Na gwamnati ne, kuma kowane ɗan ƙasa yana iya nemansu a duk ofishin da suke ajiye.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai

Dattawan cikinmu da suka yi aikin gwamnati sun san yadda abin yake a da. Tun daga Dokar Asirin Gwamnati ta 1962, akawu yakan yi rantsuwar kame baki, fayil kuma da an buga masa hatimin asiri shi ke nan an rufe zance. Ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare haƙƙin jama'a suka fara neman sauyi tun 1993. Aka kai ƙudurin majalisa a 1999, majalisa ta amince a 2007 amma bai sami sa hannun shugaban ƙasa ba. Sai ran 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa Dokar 'Yancin Samun Bayanai hannu. Ba mu ne na farko ba, Suwidin ta yi irinta tun 1766, Amurka a 1966, Biritaniya kuma a 2000.

Shekara da shekaru wasu gwamnatocin jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. Ran 11 ga Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta kashe wannan gardama a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce dokar ta hau kan hukumomin jihohi ma. Saboda haka hukunce-hukuncen nan biyu sun haɗu wuri guda: na 2024 ya mai da kula da caca hannun jiha, na 2025 ya buɗe wa talaka ƙofar ofishin jiha.

Ga abin da dokar ta tanada a taƙaice.

Na ɗaya, kowa yana da ikon nema, kuma ba dole ba ne ya faɗi dalilinsa. Ba sai ɗan jarida ko lauya ba.

Na biyu, wanda bai iya rubutu ba, ko mai wata naƙasa, yana iya sa wani ya nema masa. In mutum ya zo da baki, wajibi ne jami'in ya rubuta bukatar, ya ba shi kwafi.

Na uku, ofishi yana da kwana 7 ya ba da amsa. Yana iya ƙara wasu kwana 7 in takardun suna da yawa, amma sai ya sanar da mai nema a rubuce. In takardun suna wani ofishi ne, sai ya miƙa bukatar can, ya gaya wa mai ita.

Na huɗu, ba a biyan kome sai kuɗin kwafi.

Na biyar, in an hana, sai an rubuta dalili da sashen dokar da aka dogara da shi. Yin shiru har wa'adi ya cika, doka ta ɗauke shi daidai da hani. Mai nema yana da kwana 30 ya kai ƙara babbar kotu, kuma a can ofishin ne zai kawo hujjar hanin, ba mai nema ba. In kotu ta ga an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta da gangan, hukuncinsa ɗaurin shekara guda ne aƙalla.

Daɗin daɗawa, sashe na 2 ya wajabta wa kowace hukuma ta bayyana wasu takardu da kanta ba sai an roƙa ba. Cikinsu har da rahotannin bincike da nazari, ko ita ta yi su ko ta sa aka yi mata, da bayanin kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita.

Darasi daga Biritaniya

Watakila wani ya ce, in hukuma ta fito ta faɗi adadi, ai ya wadatar, mene ne na tonon fayil? Bari in kawo muku abin da ya faru a ƙasar da samarinmu suke caca a kan ƙwallonta.

Biritaniya tana da Hukumar Kula da Caca wadda aka kafa bisa dokar 2005. Akwai wani ma'auni mai tambayoyi 9 da aka tsara a Kanada a 2001, wanda ake gane mai matsalar caca da shi. Ana tambayar mutum, alal misali, ko yakan zuba abin da ya fi ƙarfinsa, ko yakan koma don ya fanshe abin da aka cinye shi, ko ya taɓa cin bashi ko sayar da kaya saboda caca. Wanda makinsa ya kai 8 ko fiye, ana lissafa shi cikin masu matsala. Shekaru da yawa binciken lafiya na ƙasar yana nuna cewa irin waɗannan ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A watan Yuli 2024 hukumar ta fito da sabon bincike da aka yi a kan mutum kusan 10,000, sai ga adadin ya kai kashi 2.5 cikin 100.

Nan fa gardama ta kaure. Masu kamfanoni suka ce an zuzuta, masu yaƙi da caca suka ce da can ne aka rage. Ashe bambancin yana da nasaba da yadda aka yi tambayar. A tsohon binciken ma'aikaci ne ke zuwa gida, mai yiwuwa kunya ta sa wasu su ɓoye. A sabon kuwa wasiƙa ake aikawa mutum ya amsa shi kaɗai ta intanet ko a takarda, mai yiwuwa kuma masu caca sun fi sauran jama'a ɗokin amsawa. Hukumar ta sa wani masanin ƙididdiga, Farfesa Patrick Sturgis, ya duba hanyar da aka bi, kuma a rahotonsa na Fabrairu 2024 ya yi gargaɗin cewa sabon adadin yana iya zarce gaskiya, ya ba da shawarar a ƙara gwaji. Hukumar ta buga rahoton kowa ya gani.

Abin lura a nan shi ne, jama'ar can sun iya yin wannan muhawara ne domin tambayoyin da hanyar binciken da rahoton mai duba duk suna fili, abin da ba a buga ba kuma suna da ikon nemansa a rubuce, a ba su amsa cikin kwanakin aiki 20. Da adadi kaɗai aka ba su, da sai dai kowa ya gaskata wanda ransa ke so.

Akwai darasi na biyu. Da daɗewa yawancin kuɗin binciken illar caca a can daga gudummawar da kamfanonin caca suke bayarwa don ganin damarsu yake fitowa, masana da yawa kuma suka yi ta ƙorafi, domin Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga Afrilu 2025 gwamnati ta mai da shi haraji na dole, wanda aka tsara zai tara wajen fam miliyan 100 a shekara, kashi 20 cikin 100 na bincike ne, saura na rigakafi da magani. Don haka duk sa'ad da aka nuna muku sakamakon bincike, ku tambayi wanda ya biya kuɗinsa.

Me za ku tambaya?

Wasiƙar da ta ce a ba ni dukkan abin da ya shafi caca ba ta haifar da kome sai jinkiri. Ku fayyace abin da kuke so, ku sa shekarun da kuke nufi. Ga misalai:

1. Sunan dokar da ake ba da lasin caca a ƙarƙashinta a jihar nan, da sunan ofishin da ke bayarwa.

2. Jerin kamfanonin da aka ba lasin, da yawan shagunansu a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 16 na jihar.

3. Jimlar haraji da kuɗin lasin da aka karɓa kowace shekara, da inda aka sa su.

4. Kwafin duk wani bincike ko nazari da aka yi game da yawan masu caca da illarta, tare da tambayoyin da aka yi, da yawan waɗanda aka tambaya, da garuruwan da aka je, da harshen da aka yi tambayar da shi.

5. Sunan wanda ya yi binciken, da wanda ya biya, da ko an nuna wa wani kamfani sakamakon kafin a fito da shi.

6. Yawan zagayen duba shaguna da aka yi, da sau nawa aka sami yara ƙanana a ciki, da matakin da aka ɗauka.

Batun harshe ba ƙaramin abu ba ne a jiha irin tamu. Binciken da aka yi da Turanci ta waya a babban gari ba zai faɗi halin saurayin da ke jin Mumuye ko Jukun ko Fulatanci a ƙauye ba.

Ku rubuta wa shugaban ofishin, ku ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ku sa kwanan wata da inda za a same ku. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku riƙe, domin daga ranar ne ake ƙirga kwana 7, kuma ita ce shaidarku a gaban alƙali. In kuna shakkar ofishin da ya dace, ku fara da Ma'aikatar Kuɗi ko Ma'aikatar Shari'a ta jiha, dokar miƙa bukata za ta yi sauran aikin.

Abin da ba za a ba ku ba

Kada in bar ku da zaton cewa kowane fayil a buɗe yake. Ba za a ba ku sunan wani mai caca ko lambar wayarsa ko bayanin rashin lafiyarsa ba, kuma daidai ke nan, don wanda ya je neman magani bai kamata a tona masa asiri ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ƙara ƙarfafa wannan. Ana iya hana abin da zai ɓata binciken laifi da ake cikin yi. Ana iya hana asirin cinikin kamfani, sai dai dokar ta ce in lafiyar jama'a ta rinjayi hasarar da kamfanin zai yi, to, a bayyana. Sashe na 17 kuma ya ba jami'a damar riƙe kayan binciken malamanta, don haka ɗalibanmu na Jami'ar Jihar Taraba da na Jami'ar Tarayya ta Wukari su lura: rahoton da aka kammala aka miƙa wa hukuma, wurin hukumar ake nemansa.

In takarda ta haɗa abin da aka hana da wanda ba a hana ba, doka ta ce a rufe na farkon a ba da sauran. Kada a sallame ku da cewa fayil ɗin duka asiri ne. Hatimin asiri shi kaɗai ba hujja ba ne a yanzu.

In aka ce babu

Mai yiwuwa ne ku rubuta, amsa ta dawo cewa ba a taɓa yin irin wannan bincike ba. Kada ku ɗauka wahalar banza kuka yi. Dokar ba ta tilasta wa ofishi ya ƙirƙiro takardar da ba shi da ita, amma amsar nan a rubuce da hatimi abu ce mai daraja. Ku kai ta wurin ɗan majalisar mazaɓarku, ku ce masa, ga shi ana karɓar kuɗi daga sana'ar da ba a auna ɓarnarta ba, a ware wani kaso a ba masana masu zaman kansu su auna, a kuma sa a doka cewa dole a buga sakamakon. Ta haka ne tambayar mutum guda take zama aikin majalisa.

Ina sane da cewa da yawa a nan za su ce addininmu ya riga ya yi hukunci a kan caca, me ya rage a bincika? Gaskiya ne, limamai da fastoci ba su gushe ba suna gargaɗi. Amma ko likitan da ya tabbata cuta mugunya ce yana bukatar ya san unguwar da ta fi kamari da shekarun waɗanda take kamawa, kafin ya san inda zai kai magani. Mai son a hana caca ɗungum da mai son a tsaurara mata ƙa'ida, dukkansu ƙididdiga guda suke bukata.

Kira ga ma'aikata da jama'a

'Yan'uwana ma'aikatan gwamnati, wanda ya zo da irin wannan wasiƙa ba abokin gaba ba ne. Da harajinsa aka sayi takardar da tawadar. Dokar ta kare jami'in da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya, ba za a kai shi ƙara ko a hukunta shi a kan haka ba. Ofishin da ya adana fayil da kyau, ya liƙa jerin masu lasin a allon sanarwa, ya rage wa kansa wahala, ya kuma taimaki jama'a su gane shagon da ke aiki ba da izini ba.

Ku kuma jama'a, ku nema da ladabi, ku bi sawu da haƙuri. Ƙungiyar iyaye da malamai, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ta masu keke, ko ta matan unguwa, kowace tana iya rubuta wasiƙa guda da sunanta. In amsa ta zo, kada a kulle ta a akwati. A karanta ta a taron unguwa, a kai wa mai unguwa da hakimi, a ba gidan rediyo. In kuwa kun faɗi adadi, ku faɗe shi yadda yake a takarda, ban da ƙari.

Magabata sun ce matambayi ba ya ɓata. Ina roƙon kowace ƙungiya da ta turo wakili wurin nan ta zaɓi tambaya ɗaya daga cikin shidan da na karanta, ta rubuta ta cikin wannan mako, ta kai, ta karɓi hatimi, sa'an nan ta fara ƙirga kwana 7.

 Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Jihar Taraba da Nijeriya lafiya.